Turmin Baba na Ƙarshe

Har yau in na ji ƙaurin babbakar ƙafar saniya shagon wani mai sa haƙori yake tuna mini.

Mahaifina turmi ɗaya ya rage masa a baki, can ƙurya ta hagu. Da shi yake tauna goro, da shi yake cin nama, kuma yana ji da shi. Tun yana saurayi aka yi masa ciko a ciki, irin baƙin cikon nan na da mai kama da dalma. Ana cikin azumi gefen cikon ya ɓalle, ya riƙa yankar masa harshe. Ni na kai shi asibiti. Likitar ta ce haƙorin zai rayu, amma akwai zaiba a cikon, ba a cire shi da garaje. Sai an shimfiɗa roba a baki an ware haƙorin, ana yanka ana feshin ruwa don kada ya ɗau zafi, ga bututu yana zuƙe ruwan da ɓarɓashin, kada mutum ya haɗiya ko ya shaƙa.

Duk bayanin nan, ruwan kawai Baba ya ji. Ya ce da azumi a bakinsa ba mai yi masa ɓarin ruwa a maƙogwaro. Likita ta ce to a bari sai bayan Sallah, ya ce harshensa ba zai kai ba. Na ce mu tambayi liman, ya ce yaushe na zama malamarsa. Baba ke nan, in ya kafe sai dai Allah.

Ashe wani abokinsa na majalisa ya ba shi labarin wani mai sa haƙorin Makka a wajen Ƙofar Mazugal, wai shi a bushe yake aikinsa saboda masu azumi, ko ɗigon ruwa ba ya taɓa baki. Sai da na je gida Shahuci aka ce ai sun tafi. Na tari adaidaita na bi su.

Kai, na ga ƙazanta. Tsohuwar kujerar aski ce aka kishingiɗar da Baba a kai. A ƙasa ga kwano cike da audugar waɗanda suka riga shi, da yawu mai ruwan toka, ƙudaje sun yi masa baƙi. Mutumin ba safar hannu, ba takunkumi. A gabana ya goge bakin injinsa a jikin wandonsa ya mayar bakin mahaifina. Injin yana kuka, ƙauri yana tashi, wata ƙura mai toka-toka tana sauka a gemun Baba da leɓensa. Ga taga a rufe. Sai da na toshe hanci da mayafi.

Na ce, "Malam, don Allah ka tsaya, ƙurar nan guba ce."

Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Hajiya, ai ƙura ba ta karya azumi."

Abokin Baba har da gyaɗa kai, wai ya ji fatawa. Baba ya ɗaga mini hannu in yi shiru. A gaban mutane 'ya ba ta ja da uba, na tsaya ina cizon yatsa, raina kamar ya fita.

Ba a jima ba muka ji ƙas. Haƙorin ya tsage har saiwa. Mutumin ya leƙa, ya ce dama ya ruɓe, ya ɗauko filaya ya ɓamɓare shi gida biyu ya jefa cikin kwanon nan. Jini ya cika bakin Baba, sai ga gwanin aikin bushe yana miƙa masa ledar ruwa, wai ya kurkure. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar ɗan Adam irin ta ranar ba.

Washegari na mayar da shi asibiti aka wanke ramin, ban ko ce masa ai na faɗa ba.

Ranar Sallah gida ya cika, aka kawo masa fararen goro manya, irin waɗanda yake so. Ya ɗauki ɗaya yana ta jujjuyawa a tafin hannu. Da mutane suka ragu ya yafito ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ki sayo mini magogin goro," in ji shi. "Amma kada ki saya a unguwar nan."