Daftarin Yaya Haruna da Zaren Tutiya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Haruna, kuma har yau daftarinsa yana cikin akwatina a unguwar Umbadda, daf da Khartoum, ban bar wa kowa shi ba.

A wani ɗakin bincike yake aiki a Khartoum. Zare yake tsirarwa daga zink oksaid, farin garin tutiyar nan da ake sawa a man shafawa, zaren da ido ba ya gani sai da na'ura. Yakan ce tsirowar ba wuya, wuyar ita ce a sa zaren ya miƙe tsaye, tsayi ɗaya, kada ya kwanta kan juna. Zafin ruwan da ake tsirar da shi a ciki ya ɗan zarce, ko a ƙara rabin awa, shi ke nan aiki ya ɓaci. Haruna ya gano bakin zaren.

Sai dai bai yarda da kowa ba, ni ma halinsa na ɗauko. Da ajami ya rubuta sirrin, cikin Hausar babanmu da ya yi ƙwadagon auduga a gonakin Jazira. Shimfiɗar farko ta tutiyar a kan gilashi ya kira ta iri, zaren da ya fara leƙowa yabanya, wanda ya karkace ciyawa. Bayan sadakar uku abokin aikinsa, Duktur Bashir, ya ari daftarin. Ya ga baƙin Larabci amma ba Larabci ba, ya kai wa wani malami Bahaushe ya karanta masa. Da ya dawo da shi ya ce mini da Larabcin nan, “Ya zol, mutumina, ashe bayanin noma ne kawai.” Na karɓa na mayar da shi akwati. In noma ne kawai, me ya sa ya riƙe shi wata biyu?

Yau yaƙi ya rufe ɗakin binciken, Bashir yana ƙasar waje, kwanan nan kuma ya tsiri kirana. Sai ya tambayi lafiyar yara, sannan ya gangaro kan daftari. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Da Haruna yana raye, cewa zai yi kada ma in ɗaga wayar.

To amma ni na iya karatun ban san aikin ba, Bashir ya san aikin ba ya jin Hausa. 'Ya'yan Haruna Larabci suke yi, ga idona ya fara rauni. Ina tsoron a sace wa yayana guminsa, wannan gaskiya ne. Amma na fi tsoron ranar da za a buɗe akwatina bayan raina, a zaci addu'o'i ne, a ƙona daftarin cikin ladabi don kada wani ya taka.