Talatar da Hure Ta Ƙi Komawa Aiki

A wani ƙauye kusa da Makoɗa, inda gona ke manne da gona har ba ka gane iyaka sai da layin gamba, nan aka haifi Hure, nan aka yi mata aure, nan kuma ta binne mijinta Badaru. Ya bar mata 'ya guda, Ikilima, da wata gona a bayan gari wadda har yau ba a raba gadonta ba. Tun tana yarinya an san ta da kafiya. Mahaifiyarta kan ce ko ruwa za ka ba Hure, sai ka bari ta miƙo hannu da kanta.

Bayan ta fita takaba sai ta sami aikin dafa wa ma'aikata abinci a wani kamfanin casar shinkafa da ke bakin titi. Kullum da sassafe take tare bas, ta dawo bayan la'asar kayanta na ƙaurin hayaƙi. Shekara da shekaru tana wannan aiki, kuma tsohon manajan kamfanin, wanda shi ma ɗan manoma ne, bai taɓa tsananta wa kowa kan hutu ba. In damina ta faɗi, ka faɗa masa, ka je ka yi shukarka ka dawo.

Da ya yi ritaya aka turo Malam Abdulkabir daga birni, matashi mai tsafta da ladabi, wanda ba ya ɗaga murya. Ya tara ma'aikata a gindin darbejiya ya karanta musu sabon tsari. Duk wanda ya ɗauki hutu ranar Juma'a ya haɗa da Litinin, to Asabar da Lahadin da ke tsakani ma a cikin hutunsa na shekara za a cire su. Wanda kuma bai zo ba ranar da aka dawo daga hutun gwamnati, za a ɗora masa kwanakin hutun nan gaba ɗaya, sannan ya amsa takardar tuhuma. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba, daga sama aka aiko, saboda mutane sun mai da kowane hutu na sati guda.

Hure ce ta fara ɗanɗana dokar. Ikilima ta haihu, Hure ta nemi Juma'a da Litinin don ta je ta ga yadda ake kula da mai jego, ta dawo ta tarar an cinye mata har ranakun da ko murhu ba a hurawa a kamfanin. Ta tambayi manaja yadda za a yi a karɓe mata ranar da dama tata ce. Ya ce tsari ne. Abin ya tsaya mata a rai.

A gida kuma ga Mani, ƙanin mijinta. Bara ta makara da shuka, geron bai yi kyau ba, shi kuwa ya bi dangi yana cewa mace mai aikin kamfani ba za ta iya riƙe gona ba. Ya faɗa a gaban mai unguwa cewa in bana ma aka yi ruwan shuka gonar ɗan'uwansa na zaune, zai sa mata iri da kansa, kuma kowa ya san wanda ya shuka shi ke girbi. Hure ta kwashe rani tana sa masu jakuna suna kai mata taki mangala-mangala, ta ajiye irinta a tukunya ta liƙe bakin da laka, tana jira.

Babbar Sallah ta faɗo ranar Juma'a, gwamnati ta ba da hutu har Litinin. Duk kwanakin nan sama fayau, zafi kamar ya dafa mutum. Sai Litinin da la'asar hadari ya taso daga gabas, aka sheƙa ruwa har kwatami ya cika. Da ya ɗauke, Hure ta fita bayan gida ta tura hannu cikin ƙasa, ta ji laima ta wuce tsawon yatsunta. Washegari Talata ce, ranar komawa aiki.

Ta kira Malam Abdulkabir a waya ta faɗa masa. Ya ce ta yi haƙuri ta zo, ta bari sai Asabar. Ta ce ƙasar nan rairayi ce, kafin Asabar ta bushe. Ya tuna mata da doka, ya ce in ya ɗaga mata ƙafa, rabin ma'aikatansa manoma ne, gobe injin zai tsaya.

"Malam, na ji," in ji ta. "Ka rubuta abin da za ka rubuta. Gobe ina gona."

Da gari ya waye ta ɗaura zani a ƙugu, ta ɗauki sungumin Badaru da ƙwaryar iri. A al'ada namiji ke saran rami, mace na binsa tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Ita kaɗai ta yi duka biyun, ta sare layi ta dawo ta bi shi da gero. Da hantsi Mani ya ɓullo da nasa sungumin a kafaɗa, ya tsaya a bakin gamba yana kallo. Ta gaishe shi kamar yadda ya kamata, ta tambayi iyali, ba ta ko tsayar da hannu ba. Ya ɗan jima, ya ce Allah ya ba da damina mai albarka, ya wuce. Kwana biyu ta yi kafin ta gama, tafin hannunta duk ya yi kanta.

Ranar Alhamis ta koma kamfani. Manaja ya kira ta ofis, ya ba ta kujera, ya yi mata bayani a hankali: hutunta na shekara ya ƙare har ya haura, amma in ta yarda a rubuta cewa ta yi kuskure kuma ba za ta sake ba, ta dangwala, zai roƙa mata a bar maganar. A fuskarsa ta ga da gaske yake son ya taimake ta. Ta duba takardar da ba ta iya karantawa, ta tura masa abarsa.

"Ɗan nan, in na ce ba zan sake ba na yi maka ƙarya, don baɗi in Allah ya kai mu aka yi ruwa, zan sake. Juma'ar Sallah da Asabar da Lahadi da Litinin kuwa ba ku kuka ba ni ba, balle ku karɓe."

Aka sallame ta a ƙarshen wata. Wasu mata sun ce ta yi wauta, mace marar miji da ba ta da ɗa namiji ta saki aikin albashi. Ikilima ma ta yi kuka, ta ce da Inna ta dangwala kawai, ai ba a zuci ba ne. Hure ta ce yatsan nata ne.

Ba ta yi nisa ba. Ta ari tukwane biyu, ta kafa murhu a ƙarƙashin wata tsamiya daura da ƙofar kamfanin, ta fara sayar da shinkafa da wake da mai da yaji. Ma'aikatan da suka saba da hannunta suka riƙa tsallako titi da rana, direbobin manyan motoci ma suka gano wurin. Ba ta samun abin da take samu a da, akwai ranakun da takan koma gida da sauran abinci, ga hayaƙi ya fara taɓa mata ido. Amma ranar noman farko ta kifa tukwanenta ta tafi gona, ba ta nemi izinin kowa ba.

Dokar tana nan har yanzu, ba a soke ta ba. Sai dai da damina ta zagayo, ranar da aka tashi da ruwan shuka, mutanen da suka zo aiki ba su isa su tayar da injin ba, kuma ba a kori ko ɗaya daga waɗanda suka tafi gona ba. Malam Abdulkabir kansa wani lokaci yakan tsallako ya zauna a bencinta. Takan zuba masa, ta ƙara masa yaji yadda yake so, su yi hirar tsadar taki.