Kamfani Ba Ya Mutuwa, In Ji Malam

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka rasa Malam, maigidana. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kamar yadda bai taɓa fita ba yana raye. Tsofaffin unguwarmu ta Dilimi sun san shi da Heluma, domin shi ne shugaban lebura a ramin kuza tun kafin a kawo ni gidansa.

Kullum da la'asar abokinsa Baba Pam yakan zo ƙofar gida, su ɗora musu guda, ina jin su daga madafa. Musun kuwa shi ne: me ya sa kamfanin kuza ya girma har ya haɗiye ƙananan Turawa masu rami ɗaiɗai? Pam ya ce ƙarfin gwamnati ne, an ƙwace gonakin iyayensu an ba shi. Malam ya ce akwai wannan, amma asirin ba nan yake ba. Wai ɗan kasuwa in ya mutu sana'arsa ta bi shi kabari, shi kuwa kamfani masu shi daban, masu riƙe shi daban. Manaja ya tafi, wani ya zo, aiki bai tsaya ba.

"To, ina kamfanin naka yanzu, Heluma?" in ji Pam. "Kududdufai ya bar mana."

"Riga ya sake, Pam. Kuɗin suna can suna wani aikin."

Da kasuwar kuza ta faɗi, Malam ya koma sufuri, har ya tara manyan motoci da garejinsa a jikin gidanmu. Ya sha roƙon 'ya'yanmu, in ya mutu a raba gado a baki yadda addini ya ce, kowa ya san kasonsa, amma a bar motocin wuri ɗaya, a ɗauko wanda ya iya ya riƙe. Suka ce to. Ana gama sadakar arba'in kowa ya ja tasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau ko taya babu.

Pam ma ya bi Malam lahira. Yaran sun watse Kano da Abuja, sai a waya. Nakan zauna ina kallon samari suna wa kamfanonin da ba su taɓa ganin mai su ba aiki, in ce da Malam na nan da ya yi ta gyaɗa kai. Ba wanda zan gaya wa.

Yanzu wani kamfanin siminti na son garejin da gidan, zai gina ɗakin ajiya. Babban ɗana ya ce, "Inna, saura yatsanki kawai." Na tambayi mutumin da masu simintin suka aiko wa ke da kamfanin, in gan shi ido da ido. Ya ce masu shi sun fi a ƙirga.

Malam, ka yi gaskiya, gaskiyar taka ce kuma za ta fitar da ni daga ɗakina. Jibi zan dangwala yatsa a takardar cinikin. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta.