Takalman Kakata a Ƙofar Coci

Warin sabuwar roba ne yake tono mini wannan magana. Duk sanda na shiga shagunan takalma da ke bayan titin Guangyuan Xilu a nan Guangzhou aka yage mini kwali don in duba silifa, sai in ga ƙofar cocin ƙauyenmu, da tulin takalma a gabanta, da kakata tana sunkuyawa tana ajiye nata a gefen hagu. Shekaru sun ja, amma ka yi mini uzuri, mai karatu, har yau raina yana ɓaci.

Cocin namu ginin ƙasa ne, kuma matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, su ne suke yi masa daɓe da hannunsu. Da rani, bayan dawa ta shiga rumbu, sai su jiƙa makuba, su durƙusa a jere da madaɓai, suna bugu suna waƙa har ƙasar ta yi baƙi tana sheƙi. Kakata ce mai ba da waƙa. Mu yara aikinmu ɗebo ruwa, ladanmu kuwa rankwashi in muka taka inda bai bushe ba. Ranar Lahadi kowa a waje yake tuɓe takalminsa, daga dattijo har yaron da jiya ya fara tafiya. A kasuwa arna ake kiranmu. A birni kuma 'yan'uwanmu Kirista, in suka ji Hausa zalla a bakinmu, sai su matsa gefe. Amma in tafin ƙafata ya ji sanyin daɓen nan, na san na zo gida.

Sai aka turo mana sabon fasto daga birni, saurayi mai takalmi sau-ciki da ke ƙara ƙwas-ƙwas. Ya dubi tulin takalmanmu kamar ya ga kashin kaji. Ya ce wannan al'adar masallaci ce, daga yau kowa ya shigo da takalminsa. Dattawa suka sunkuyar da kai. Mako ya zagayo, kowa ya shigo yana ɗaga ƙafa kamar mai taka ƙaya, aka bar takalmi ɗaya tak a ƙofa.

"Ɗana," in ji kakata da ya tare ta, "ɗakin mijina ma ban taɓa shiga da takalmi ba. Sai ɗakin Ubangiji?"

Ya ce taurin kai ne. Aka sa ta a horo, wato aka mayar da ita bencin baya, aka hana ta Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da ake raba wa masu bi, har sai ta tuba. Ta tuba daga me, don Allah? Matar da danginta suka daina cin tuwonta tun ranar da aka yi mata baftisma a rafi, ita za a koya wa yadda ake bin Almasihu? Ina zaune kusa da ita nake kallon farantin gurasa yana bin layi, ya iso gabanta, mai riƙe da shi ya kau da ido ya wuce. A kan daɓen da gwiwoyinta suka goge ake yi mata haka.

Wata rana a hanyar gida na ce mata mu daina zuwa. Ta ɗan ja mini kunne. "Kai da hankalinka? Gidan Ubana ne. Shi zuwa ya yi, ni a nan ya same ni."

Ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa shiga da takalmi ba. Tana cikin horon ta rasu, da farkon damina. Faston nan dai shi ya tsaya a bakin kabarinta yana yabon bangaskiyarta, har da share ido. Da ba don kawuna ya danne mini kafaɗa ba, da ranar an ji abin da ba a saba ji a bakin yaro ba.

Da fatauci ya kawo ni Guangzhou, 'yan Kano ne suka ba ni masauki. Kwano ɗaya muke ci, suna tsokanata da "Fasto", amma in sun tashi salla ni kaɗai nake saura a kan tabarma. Na yi tambaya har aka kwatanta mini wani zaure a unguwar Tianhe inda 'yan Afirka suke sujada. Na sa kaftani da hula na tafi. Ina isa ƙofa na sunkuya zan tuɓe takalmi, don jiki ba ya manta tarbiyya. Sai mai tsaron ƙofa, ɗan ƙasarmu, ya tare ni da hannu, ya ce da Turanci, "Malam, nan ba masallaci ba ne." Na tsallako teku, ashe maganar ta riga ni isowa. Na mayar da ƙafata cikin takalmi na juya.

Matar da nake sarin silifa a wurinta, wadda muke kira lawban, wato mai shago, ita ta ga ina sunkuyar da kai kafin in ci abinci. Ta zana gicciye a tafin hannunta tana kallona. Na gyaɗa kai. Ranar Lahadi ta kai ni gidan mahaifiyarta a unguwar Panyu, inda suke taruwa su yi addu'a. Muna hawa bene na tsaya cak. Tulin takalma ne a ƙofa, na manya da na yara. Tsohuwar ta leƙo, ta nuna ƙafata, ta nuna tulin. Su a wurinsu ladabin shiga gida ne kawai. Ni kuwa hawaye ya hana ni ganin inda zan taka.

Ban gane komai a waƙarsu ba sai haleluya da amin. Amma da faranti ya biyo layi, a gabana ya tsaya.

Yanzu an ce an fasa daɓen ƙauyenmu an shimfiɗa tayil, takalma suna ƙwas-ƙwas har gaban bagade, ba kuma mai tuna dalilin da wata tsohuwa ta ƙare kwanakinta a bencin baya. Ni ina tunawa, ban kuma huce ba. Duk Lahadi a Panyu nakan ajiye takalmina a gefen hagu, in ɗan matsar da shi, in bar wa kakata wuri.