Shekara Tara Rafi'atu Tana Renon Sanƙarau

Wani farfesa ya ajiye ƙanwata Rafi'atu a Bawku tana yi masa renon ƙwayoyin cutar sanƙarau. Ya ce mata wata shida za ta yi, yau shekara tara ke nan. Bai aiko motar da za ta kwashe su ba, bai kuma sallame ta ba. Yanzu jami'arsa ta rubuto mata cewa in ba ta miƙa kundin digirinta na biyu kafin ƙarshen Satumban bana ba, za a soke sunanta. Ni yayarta ce, Azara, ina sayar da doya a Salaga. Ita ba za ta yi magana ba, don haka ni zan yi.

A Salaga aka haife mu, a gidan Baba Kassim. Kakanninsa fataken goro ne, shi kuma da doya da dawa ya riƙe gida. Mu biyu ya tura sakandare a Yendi, ina gabanta da aji uku. Ni na gama na dawo gida. Ita kuwa tana aji biyu malamin kimiyya ya ce kowa ya zo da ruwan garinsu bayan hutu. Ta ɗebo na tafkin da muke sha da rani a kwalbar magani. Ya ɗiga shi a gilashi, ya sa ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ta leƙa ta ga halittu suna iyo. Tun daga hutun da ya biyo baya ba ta bar kowa ya huta ba, sai an tace ruwa da ƙyalle, sai an tafasa.

Mma, mahaifiyarmu, ta ce, "Ruwan da ya raini kakanki, shi ne yau ya zama guba?"

Ta ce, "Mma, kakan nawa ba shi ne kurkunu ya kwantar kowace damina ba?"

Mma ta jefe ta da ludayi, amma washegari ita da kanta ta ɗaura ƙyalle a bakin randa.

Rafi'atu ta wuce jami'a a kudu, ta karanta ilimin ƙananan halittu masu sa cuta, ta gama a 1985. A 1988 farfesan nan ya karɓe ta don digiri na biyu, ya tsara mata aiki. Ta je Bawku lokacin zafi, sa'ad da sanƙarau ke shigowa. In likita ya ɗebi ruwan ƙashin bayan marar lafiya, ta karɓi kaɗan, ta fitar da ƙwayar cutar, ta riƙe ta da rai. Bayan wata shida mota za ta zo da wani tulun ƙarfe mai sanyin da ya fi na ƙanƙara, a daskarar da su, a kai su bakin teku inda akwai kayan tantance irinsu. Da abin da aka gano za ta rubuta kundinta. Baba ya sa mata albarka, Mma ta ƙulla mata yaji da daddawa na wata shida cif.

Na ga aikin da idona, don haka ba labari aka ba ni ba. Ɗaki biyu ne na haya a kan hanyar Pusiga. Ƙwayar nan da ke sandarar da wuyan ƙato ta kashe shi a kwana ɗaya, in ta bar jikin mutum ta fi jinjiri rauni. Ba ta son sanyi in ba irin na tulun nan ba, firjin kananzir kashe ta yake yi. Ba ta son bushewa. Abincinta wani gari ne da ake aikowa daga kudu, a dafa shi, a gauraya da jinin rago, a zuba a farantan gilashi. Sai a jera farantan a babban gwangwani, a kunna kyandir a ciki, a rufe har wutar ta mutu, don irin iskar da suke so ke nan. Sannan a sa gwangwanin a akwatin da fitila ke ɗumamawa daidai da ɗumin jikin mutum. Kowane kwana biyu, in ya yi yawa uku, sai ta ɗebi kaɗan daga kowanne da siririyar waya ta mayar kan sabon faranti. Ita tana kiran wannan juyi. In aka tsallake juyi ɗaya, shi ke nan, sun mutu.

Ta wajen jinin ragon ma ta sami miji. Mutaru dillalin dabbobi ne a kasuwar Bawku. Ya ce shi dai ya bi ta ne ya ga wace irin mace ce ke sayen raguna uku ba layya ba suna, kuma ta dage sai masu jijiyar wuya a fili. Yanzu shi ke riƙe mata su in za ta ɗebi jini da allura.

Wata shida suka wuce, ba mota. Wasiƙa ta zo: wata uku masu zuwa. Suka zo suka wuce. Amma garin abincin nan bai taɓa yin latti ba, ku riƙe wannan.

Za ku ce me ya hana ta koya wa wani ta huta. Ta koya. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Barakatu, mace mai natsuwa, wadda ta shekara tana koyo har hannunta ya faɗa. Rafi'atu don murna ta yabe ta a rahoto. Wata biyu bayan haka farfesa ya ɗauke Barakatu zuwa ɗakin gwajinsa na kudu, wai suna buƙatar hannu mai kyau.

A 1991 ta gaji da jira, ta ce za ta kai su da kanta. Ta naɗe gwangwanin da bargo, ta rungume shi a gaban lori. Lorin ya lalace kafin Walewale, suka wuni a rana, ba gyara. Dole ta juyo. Cikin saba'in da biyar, goma sha ɗaya suka mutu. A wannan karon amsar farfesa ba ta ɗauki ko mako biyu ba: ta yi ganganci da kayan jami'a, kada ta ƙara motsa su sai da izininsa a rubuce. Tun daga ranar ba ta ƙara kwana a wani gari ba sai Bawku.

A 1995 ciwo ya kwantar da Baba. Da na ga ya daina tambayar farashin doya, sai na bar shi hannun Mma na kama hanya. Kwana biyu na yi, ta Tamale da Bolga. Na iso da hantsi na tarar da ita a gaban tebur, ta ɗaure baki da ƙyalle, tana juyi. Ta ɗaga mini hannu wai in tsaya a bakin ƙofa. Ni, yayarta, na tsaya kamar mai talla har ta gama.

Da ta fito na ce, "Malamar ƙwari, ɗauko mayafinki. Baba na kiranki."

Ta zauna a kan benci. Na ga tana lissafi da yatsu.

"Me kike ƙirgawa?"

"Yaya, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Ko ƙofar gida na taɓa na juyo, sun mutu."

"To su mutu mana! Cuta ce fa, Rafi. Duniya kaf neman kashe ta ake yi, ke kaɗai kike dama mata kunu."

Mutaru yana tsakar gida yana ba raguna dusa, ya ce, "Yaya Azara, gaya mata dai. Ni na ce ta bar mini su. Jinin ragona suke sha, ai sun san ni."

Ta ce, "Kai da na ba ka faranti ɗaya ka gwada, kwana biyu ya yi furfura kamar tsohon burodi?"

"Atishawa ce ta zo mini. Mutum ba zai yi atishawa a gidansa ba?"

Ban yi dariya ba. Na ce ubanmu ne ke mutuwa, su suna zancen atishawa. Sai ta tashi ta ɗauko wani littafi mai baƙin bango, ta buɗe a cinyata. Kowace ƙwaya da lambarta, gefen lambar kuma sunan wanda aka ɗebo ta a jikinsa.

Ta ce, "Dubi ta goma sha bakwai. Awawu, daga Pusiga, shekara shida. Uwar ta hana a soka mata allura a baya, sai da ta tambaye ni ko abin da zan ɗiba zai hana ɗan wata uwar mutuwa. Na ce mata i. Yarinyar ba ta kai la'asar ba. Fiye da rabin mutanen littafin nan suna ƙasa, Yaya. Ba za a koma a sake ɗiba ba."

Na ce, "Baba ma ba za a sake shi ba."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafin, har ta sa takalmi. Muka fito bakin titi. Sai ta tsaya, ta waiwaya ta dubi tagar ɗakin nan, na ga ƙafarta ta ƙi. Ban ja ta ba. Ta cire agogon hannunta, wanda Baba ya saya mata ranar da ta ci jarrabawar shiga jami'a, ta ce in nuna masa.

Ban nuna masa ba. Da na koma ya buɗe ido ya ce, "Ina dokitar tawa?" Na ce tana hanya, lori ne ya tsaya. Ƙarya na yi wa ubana a kan gadon mutuwarsa, Allah ya yafe mini. Ya rasu ranar Alhamis. Har yau Rafi'atu ba ta ga inda aka binne shi ba, ba ta zauna kusa da Mma ta karɓi gaisuwa ba. Mutanen unguwa suka ce boko ya cinye mata zuciya. Na bi gida gida ina faɗa da su, alhali ni kaina wata huɗu ban amsa wasiƙarta ba.

Bara na bi lorin doyata har kudu, na nemi ofishin farfesan. Mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo mini lemon kwalba. Ya ce Rafi'atu ginshiƙin aikinsu ce a arewa. Ya nuna mini takardun bincike uku da ya wallafa da alƙaluman da take aiko masa duk wata. Na iya karatu, na duba. Sunanta yana can ƙarshe cikin ƙananan baƙaƙe, wurin godiya, tare da mai buga tafireta.

Na ce, "Farfesa, garin abincinsu wace mota ce ke kai shi Bawku?"

Ya ce bas ɗin gwamnati ake ba wa.

"Shekara takwas bai taɓa ɓata ba. Tulun sanyin ne ya fi ƙarfin bas?"

Ya yi murmushi ya ce, "Uwargida, ba haka kimiyya take ba." Ya ce maganar mota tana gaban kwamiti, wata uku masu zuwa.

Na ce masa ƙanwata ta je Bawku tana da shekara ashirin da bakwai, yanzu furfura ta fara fito mata. Ya dubi agogonsa.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, ga shi. Da sanƙarau ya yi ɓarna da zafin bana, na je duba ta bayan abin ya lafa. Ta rame ƙwarai. Farfesa ya rubuto ta ɗebi sababbi ta ƙara a kan na da, ta ƙi, kuma wannan ne karo na farko da ta taɓa ce masa a'a. Muna wanke farantai a tsakar gida sai ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Yaya, kin san duk juyin da aka yi musu suna sauyawa kaɗan kaɗan? Na juya su fiye da sau dubu. Mai yiwuwa ko an tantance su yau, ba su ne waɗanda na ɗebo ba."

Na ajiye farantin hannuna. Na ce, "Shi ya sani?"

"Shi ya koya mana haka a aji."

"To me kike gadi?"

Ta ce, "In na zubar, ni na zubar. Za a rubuta cewa ɗaliba ta lalata kayan bincike, ba digiri, ba shaidar aiki, ba inda zai ɗauke ni. In na riƙe, Satumba ta zo a soke ni. Sai dai in riƙe, ko Allah zai sa motar ta zo."

Ta ɗauraye hannu ta shiga, don ranar juyi ce.

Saboda haka, Farfesa, da ku shugabannin jami'ar da kuka sa hannu a wasiƙar korar, da ku nake. Ba roƙo na zo yi ba. Kafin ƙarshen Yuli ku aiko tulunku Bawku, a mota ko a bas ko a kan jaki, ku kwashe sittin da huɗun nan, ku tantance su, ku ba ta sakamakon, ku ƙara mata wa'adin da za ta rubuta kundinta. In kuwa kun san sun tashi daga amfani, to ku faɗa a takarda mai tambarin jami'a, da sa hannun farfesa, cewa ku kuka ce ta zuba su a tukunya ta tafasa, laifin kuma naku ne, ba nata ba. Sannan ku karɓi kundinta a kan alƙaluman shekara tara da kuka riga kuka ci moriyarsu. Ɗaya daga cikin biyun nan za ku yi, kuma a rubuce. Mma ta tsufa, ba ta iya hawa lori. Ku sake mata 'yarta ta zo Salaga.