Mijin Cilakowa

Kakata Iya Dije ba ta kirana da sunana. "Maigida" take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na son tsohuwa marar haƙori. A Karare, in damina ta faɗi, bayan sallar isha takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta zuba busasshen kashin shanu don hayaƙin ya kori sauro. Mu jikoki mu kewaye ta, ni da ƙanena Sabi'u kullum muna faɗan wanda zai zauna kusa da ƙafarta.

Ina ɗan shekara tara na harbo cilakowa da danƙo, tsuntsun nan mai dogon baki a lanƙwashe. Na kawo shi ina ta taƙama. Iya ta karɓa ta juya shi a hasken wuta, sai ta ga fara a bakinsa, bai haɗiye ba. Nan take fara'arta ta ɗauke.

"Ina ka harbo wanga?"

"Kan tsamiyar gonar Baba."

"To zauna, Maigida. Tatsuniyar yau taka ce, saura su ci albarkacinka."

Ta ce wai a da can macen cilakowa ta isa aure, maza uku suka fito. Na farko mai murya ne, in ya yi kuka daji sai ya yi tsit. Na biyu kyakkyawa ne, wuni yake gyaran fiffike. Na uku ba kyau ba baki, sai dai kullum ya zo da fara ya miƙa mata. Ta rasa na zaɓa, sai ta shige kogon itace, kowace safiya ta ɗebi laka ta rage ƙofar. Da ƙofa ta tsuke har ba a ganin fuskarta, kyakkyawan ya ce ba zai yi ado don itace ba, ya tafi. Mai murya ya yi kwana uku yana rera waƙa, yunwa ba ta jin waƙa, sai macen ta kore shi. Mai fara dai bai fasa ba. Shi ta aura. Ta liƙe ƙofar sai 'yar tsaga, ta zubar da gashin fiffikenta ta kwanta kan ƙwai, ba tashi ba fita sai 'ya'ya sun yi ƙwari.

"Waɗancan biyun ba su bar baya ba," in ji Iya. "Ɗiyan mai fara su suka cika daji. Mazan suka gado ɗauko, matan suka gado zaɓen mai ɗaukowa. Wanga da ka kashe, abincin gida ya ɗauko. Gobe ka je ka kara kunnenka jikin tsamiyar."

Na je. Ga tsagar nan ba ta fi yatsa biyu ba, ciki ana motsi, ana 'yan koke-koke. Na dawo a guje ina kuka. Iya ta ce, "Ka kashe mata miji, sai ka gaje shi. Ni na yafe mata Maigidana."

Haka na shiga kamun fara. In hau reshe in miƙa ta tsagar. Ran farko ta ƙi karɓa, ran na biyu bakinta ya leƙo ya fizge. Kwana shida ina yi, har na fara jin kaina wani babba. Sai kawuna ya tashi tafiya bikin suna a Batsari, ya ce wa zai bi shi. Wallahi ko tunawa da tsamiya ban yi ba, na haye bayan kekensa. Kwana biyu muka yi. Da na dawo na tarar da layin kiyashi yana shiga tsagar yana fita, ciki shiru. Iya ba ta buge ni ba. Cewa ta yi, "Kwana biyu ne kacal ko?" Har sati ya zagayo ba ta ƙara ce mini Maigida ba.

Yau ni malamin kimiyyar halittu ne a wata sakandare a Safana. Ina koya wa ɗalibai yadda zaɓen da mace ke yi wa namiji yake sassaƙa jinsi a hankali, yadda halin da ya sa 'ya'ya suka rayu shi ne ke wucewa ga na baya. Duk Iya ta riga littafin faɗa mini. Abin da littafin bai damu da shi ba shi ne wadda ta zaɓa daidai, ta amince ta shiga, sannan wani ya harbe mai ɗaukowar. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Wata biyu ke nan da 'yan bindiga suka harbe Sabi'u a hanyarsa ta dawowa daga gona, da damin gero a bayan babur. Matarsa Hajara tana takaba a gidanmu na Karare da yara uku, ba ta fita, gonar kuma ba mai iya zuwa. Duk Asabar nake ɗaura hatsi da mai da ɗan magani in kai. Ƙaramar 'yarsa ta gane ƙarar babur ɗina, tun daga nesa nake hango idonta ta tsagar ƙyaure.

Wannan makon an ce hanya ba kyau. Ran Asabar da safe matata ta tsaya bakin zaure ta riƙe kan babur ɗin.

"Malam, don Allah ka bari sai Litinin. Mu ma fa kai muke da shi. Kwana biyu ne kacal."

Gaskiya ta faɗa, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Na tsaya ina kallon yarana a bayanta. Sannan na ƙara ɗaure buhun, na ce ta yi mini addu'a. Na taɓa yin fashin kwana biyu, na san abin da ake tararwa.