Mama Rhoda, Mai Horar da Malaman Zaɓe a Kakuri

Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato, ƙarfe bakwai na safe Mama Rhoda Bagudu take sauka daga bas a ƙofar wata firamare a Kakuri, rungume da akwatin ƙuri'a na gwaji. Tun 1999 da soja suka koma bariki take horar da malaman zaɓe. Da ma akawu ce a masaƙa. Tana koya musu yadda za su nuna wa jama'a akwati fayau kafin a fara, da ƙirga ƙuri'a da babbar murya.

"Abin da ka ƙirga shi za ka rubuta, ko wa ya tsaya a kanka," in ji ta.

Malam Yohanna, wani malamin makaranta daga Rido da ta horar, ya riƙe maganar nan. A wani zaɓe 'yan daba suka zo rumfarsa da takardar sakamako a cike, suka ce ya sa hannu. Ya ƙi. Suka karya masa hannun dama da gora, kuma takardar tasu ce ta yi aiki.

Da ta je duba shi a asibiti, ya ce, "Mama, na yi yadda kika ce."

Ta fita daga ɗakin. A baranda ta zauna tana kuka, tana cewa ita ta tura shi. Duk da haka, da horo na gaba ya zo sai ga ta. Malama Binta ta Unguwar Mu'azu, wadda ke cikin ajin, ta ce ranar Mama ta ƙara darasi ɗaya: "In sun zo da makami, ku bar akwatin ku tsira. Amma kada ku sa hannu a ƙarya."

A watan jiya Mama Rhoda ta yi ritaya. Cikin dubban da ta horar, mutum shida suka zo sallama. Yohanna ya tambaye ta ko wahalarsu ta yi amfani.

"Ban sani ba, ɗana," ta ce. "Yanzu maƙwabtana ko layin zaɓen ma ba sa fita."

Mama, ke ce kika koya wa mutane gaskiya a aikin da mai gaskiya ke shan duka. Ƙasar nan ba ta gode miki ba, mu mun gode. Ku da aka ba ajinta, ku koyar kamar yadda ta koyar, ko da rumfa ɗaya ce za ta ƙirga daidai.